Wasan Da Ba A Ramawa Ba Barkwanci Ba Ne



Makonni ke nan ana ta turo mana wani shirin barkwanci a guruf-guruf na WhatsApp, wanda wasu matasa 'yan nan Legas suke sakawa a YouTube kashi-kashi, kowane kashi bai kai minti goma sha biyar ba. Wasu na turowa da alamar dariya, wasu na turowa da cewa ku zo ku ga abin da ake yi mana. Da abin ya yi yawa sai muka ce gara mu gani da idonmu. Ranar Lahadi bayan sallar isha'i muka zauna a bakin shagon ɗaya daga cikin dattawanmu a nan Iddo, aka jingina waya a jikin buhun wake, muka kalle shi tun daga kashin farko har na ƙarshe. Ba za mu faɗi sunan shirin ba, za ku ji dalili a gaba.

Labarin gidan wasu masu hali ne a can tsallaken gada. Akwai uwar gida mai faɗa, da mijinta mai ƙaryar arziki, da direba, da mai dafa abinci, sai kuma mai gadi, wanda aka ce Bahaushe ne. Duk ƙinka da zomo sai ka shaida shi da gudu: yaran sun iya riƙe kamara, sauti yana fita tar, kuma yarinyar da ta fito a uwar gida ta iya wasa ƙwarai. Wurin da aka ɗauke wuta ana tsaka da karɓar baƙi, mai gida yana rantsuwa cewa injinsa sabo ne alhali ba ko digon mai a ciki, mu ma mun yi dariya har da tafawa, domin duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san wannan ranar.

Amma da zarar an buga ƙofa sai shirin ya koma wani abu dabam. Mai gadin ya fito da wata yagaggiyar riga da hula a karkace, rediyo a kunne, baki ja wur da goro, yana zare ido kamar wanda aka tasa daga barci. An aike shi ya sayo abu ya sayo wani. An ce kada ya buɗe wa kowa, ya hana mai gidan kansa shiga. An ba shi waya ya riƙe ta a juye. A kashi na farko haka, a na biyu haka, har zuwa na ƙarshe. Kowa a gidan yana da suna, kowa yana da abin da yake nema a rayuwa, direba yana tara kuɗin aure, mai dafa abinci tana son buɗe shagonta. Shi kaɗai ne ba shi da suna sai "Aboki". Ba shi da gari, ba shi da mata ko 'ya'ya, ba a taɓa nuna shi yana tunanin komai ba. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi shekaru yana gadi a Ikoyi kafin ya samu jarin hatsi, bai ce uffan ba har aka gama. Da aka kashe wayar sai ya ce, "To, yanzu wannan ni ne?"

Mu fara da aikin kansa, tunda masu shi suna kiran kansu masu fasaha. Abin dariya guda ɗaya da aka maimaita sau takwas ya daina zama abin dariya, ya zama lalaci. Marubucin bai wahalar da kansa ba ko kaɗan. Duk inda labari ya ƙare masa sai ya kira mai gadi ya zo ya yi wauta, a cike minti biyu. Wanda ya hau matsayin kuma ba ya jin Hausa. Abin da ya sani bai wuce "kai", "walahi" da "ina kwana" ba, sauran duk surutai ne da ya ƙirƙira, irin wanda yara ke yi idan suna kwaikwayon Sinanci. Babban makaminsa shi ne juya "f" zuwa "p", ya ce "pipti naira". Gaskiya ne bakin Bahaushe ba ya raba waɗannan haruffa biyu kamar yadda Turanci ya raba su, domin a Hausa harafi ɗaya ne. Haka kowane harshe yake da inda yake tuntuɓe idan ya shiga Turanci, Yarbanci da nasa, Ibo da nasa. Ba a auna hankalin mutum da wannan. A garin da za ka fita bakin titi ka samu matasa ɗari masu jin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka lokaci guda, a ce an rasa wanda za a tambaya yadda ake magana? Ba a nema ba ne, domin ba mutum ake son nunawa ba, riga da hula ake so.

Mun san abin da za a ce, har a cikinmu akwai masu faɗa: ai wasa ne, ku cika zafin rai. To, mu za a koya wa wasa? Mu ne fa muka gaji barkwanci tun kaka da kakanni. Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Bakano da Bazazzagi haka, Bakatsine da Banufe haka. Kai, Gobirawa da Yarabawa abokan wasan juna ne, kuma a nan Legas muna ganin Bagobiri ya tsaya gaban mai shago Bayarabe ya kira shi bawansa, shi ma ya mayar masa, a yi dariya a yi ciniki. Amma wannan wasan yana da ƙa'ida. Wanda ake tsokana yana wurin, yana da baki, kuma zai rama nan take. Yau kai ne a ƙasa, gobe shi ne. Kuma ranar da wani abu ya same ka, abokin wasan nan shi ne na farko da zai tsaya maka. A cikin shirin nan mai gadi bai rama ko sau ɗaya ba. Ba a ba shi ko jimla guda da ya fi wani wayo ba. Wasan da mutum ɗaya ne kullum a ƙasa, kuma an ɗaure masa baki, sunansa wulakanci.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun ga yadda ake yin abin da kyau. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, Banufe ne, tsohon soja, ya yi shekaru yana sa ƙasar nan dariya a shirin Samanja Mazan Fama da Hausarsa mai gauraye da Turancin bariki. Ana dariyar maganarsa, amma Samanja mutum ne mai iko da gida da ra'ayi, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. A shirin New Masquerade na gidan talabijin na NTA, Zebrudaya da Jegede da Giringori kowa yana da irin nasa karyayyen Turancin, kowa yana shan kashi, kowa yana bayarwa. Ba wanda aka ajiye a bakin ƙofa domin a riƙa harbinsa kawai.

Kada kuma wani ya ɗauka muna jin kunyar gadi ne. Gadi sana'a ce ta halal, kuma da yawa daga cikinmu da ita muka fara. Da albashin gadi aka aurar da 'ya'ya, aka sayi gonaki a Sakkwato da Zamfara da Maraɗi, aka biya kuɗin makaranta. Tambayar da marubucin bai yi wa kansa ba ita ce: me ya sa mai kuɗin Legas, wanda ba ya yarda da ɗan uwansa na jini, yake ɗaukar makullan gidansa da motocinsa da 'ya'yansa ya damƙa wa wannan mutumin ya tafi Landan wata guda? Wawa ake ba wa irin wannan amanar? Mai gadi ya san wanda ya shigo da tsakar dare, ya san wanda ake bi bashi, ya san motar da aka saya da wadda aka aro, kuma ya kama bakinsa. Duk gidan ba wanda ya kai shi sanin sirri. Marubuci mai basira da a nan zai haƙa rijiyarsa, ya sa mai gadi ya zama idon mai kallo, wanda yake ganin ƙaryar kowa yana murmushi. Sun samu zinariya a bakin ƙofa suka yi wasan ƙwallo da ita.

Kuma a tuna, ba jiya muka sauka daga mota ba. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa a nan Legas, wadda daga ita ake lissafa asalin sojan Najeriya. Gadar Carter da ta haɗa Iddo da cikin tsibiri an buɗe ta a 1901, shekarar da jirgin ƙasa ya fara zuwa Ibadan daga nan, kuma zuwa 1912 layin dogo ya haɗa Ikko da Kano. Ta wannan tashar ta Iddo gyaɗa da fata suka riƙa sauka, goro da gishiri da atamfa suna hawa. Fataken goro ne suka raya zangon Agege, har yau kuma akwai Sarkin Hausawa a can, akwai gidajen da kakanninsu a nan aka haife su. Filin jirgin saman garin nan sunan Bakano yake ɗauke da shi, Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe a kan titin Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023 ta Bakano ce. Tumatir da tattasai da albasar Mile 12, da shanun mayankar Oko-Oba, da ragunan Alaba Rago, da buhunan hatsin da muke saukewa a nan Iddo, duk wanda ya ci abinci a Legas ya ci daga hannunmu. A cikinmu akwai lauyoyi da likitoci da malaman makaranta da direbobin tirela da 'yan canji. Shekara sama da 160 ana zaune tare, amma mai kamara bai ga kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma bai kalle shi da kyau ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, minti goma ne a waya. Ku tambayi 'ya'yanmu da ke makarantun gwamnati a Ebute Metta da Agege. Wata uwa a cikin iyalanmu ta ce ɗanta ya dawo gida ya ce shi ba zai ƙara sa hula ba, domin 'yan ajinsu suna kwaikwayon maganar mai gadin nan duk lokacin da malami ya kira sunansa. Yaron a nan aka haife shi, Yarbancinsa ya fi na wasunsu. Ku tambayi matashin da ya je neman ɗakin haya, an gama magana a waya lafiya lau, da aka ga fuskarsa aka ji sunansa sai ɗaki ya zama an riga an bayar. Kalmar "aboki" ɗaya ce daga cikin mafi daɗin kalmomin harshenmu, da ita muke kiran wanda muka yarda da shi. A bakin titin Legas an mayar da ita zagi, har ɗan wata ƙabila idan ya yi shirme sai a ce masa kada ka zama aboki. Irin waɗannan shirye-shiryen ne suke yi wa wannan ma'anar ban ruwa kullum.

Ba mu ce wasan kwaikwayo ne ya haddasa rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 ba, ko na Mile 12 na Maris ɗin 2016, ko na kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021. Kowanne da musabbabinsa, kuma a kowanne akwai maƙwabta Yarabawa da suka ɓoye mutanenmu a ɗakunansu, ba za mu manta da wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, mutumin da aka saba ganinsa ba suna, ba iyali, ba hankali, ranar da rigima ta tashi ba a jin nauyin taɓa shi. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, har da tamu ta Lagos Mainland, dokar ta shafi kowace ƙabila, kuma gwamnati tana da hujjojinta na haɗurra da tsaro. Amma ku tuna yadda aka riƙa magana a intanet a lokacin, kamar ba magidanta ne suka rasa abin ciyar da iyali ba, kamar wasu kwari ne aka share daga titi. A Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyarsu ta komawa Kano yin sallah. Kowannensu yana da suna, yana da uwa. Raini ba ya kisa da kansa, amma shi ke share wa mai kisa hanya.

Yanzu mu juyo gida, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa yake kallon shirin nan? Mu. YouTube ba ya tambaya ko dariya ka yi ko tsaki. Idan tasha ta samu masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ta cancanci a fara saka mata talla ana raba kuɗin da mai ita. Duk wanda ya danna, ya ƙara musu. Duk wanda ya shiga ƙasan bidiyon ya zazzaga zagi, ya nuna wa manhajar cewa abin yana jan mutane, sai ta ƙara tura shi gaba. Wato da datar da ka saya da kuɗin dakon da ka yi tun asuba, da ita ake biyan wanda yake kwaikwayonka. Dalilin da ya sa ba mu faɗi sunan shirin ba ke nan.

Na biyu, wanzami ba ya son jarfa. Shekara nawa muka yi muna dariyar Bagwari a finafinanmu na Kano, da Bafulatanin daji da aka mayar wanda bai san komai ba sai saniya, da Bayarabe mai kwaɗayi, da Inyamuri mai son kuɗi, da baƙauyen da ya shigo birni? Shin Bagwarin da ke Minna ko Abuja yana jin daɗin yadda muke karya harshe da sunansa? Idan muna son a daina yi mana, mu ma mu sauke namu. Na uku, akwai 'ya'yanmu na cikinmu da suke karɓar 'yan kuɗi kaɗan su sa yagaggiyar rigar nan da kansu, har su ƙara gishiri fiye da yadda baƙo zai yi. Mun san neman abinci da wuya a garin nan. Amma ɗan uwa, abin da aka ba ka zai ƙare kafin sati, bidiyon kuwa yana nan har ɗanka ya girma ya gani.

Wasu a zamanmu sun ce a kai ƙara hukuma a rufe tashar. Ba mu goyi bayan haka ba. Mun ga inda wannan hanyar take kaiwa. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara saboda sun yi shaguɓe ga gwamnan lokacin. Sandar da ka miƙa wa hukuma domin ta doki mai tsokanarka, gobe da ita za a doki mai faɗa wa shugabanni gaskiya. Maganin mummunan wasa shi ne a ƙaurace masa, a kuma yi wanda ya fi shi.

Kuma za a iya. Ku dubi Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda Nazir Adam Salih ya rubuta, aka fara nunawa a Arewa24 a 2019. Tsoho mai dukiya da tarin 'ya'ya, kowa yana jiran gado. Dariyar a kan kwaɗayi take da son banza, halayen da ke cikin kowane gida a kowace ƙabila, shi ya sa mutum yake dariya yana tuna wani ɗan uwansa. To Iddo kaɗai ta ishi marubuci shekara goma. Ga dillalin da yake ciniki da harshe uku, yana rantsuwa da kowanne a kan farashi dabam. Ga sabon zuwa da mai abinci take ce masa "wa", wato ya zo, shi kuma yana waiwaye yana tambaya wa take nufi. Ga yaron mota da ya yi waya gida ya ce yana aiki a tashar jiragen ruwa, alhali a ƙarƙashin tirela yake kwana a layin Apapa. Ga Alhajin da ya shekara arba'in a Agege yana cewa baɗi zai koma gida. Ga Iya mai shago da ta fi mu iya zagi da Hausa. A irin wannan shirin Bayarabe zai tsokane mu mu rama, kamar yadda muke yi kullum a kasuwa, da kalmomin da muka daɗe muna tarayya a kansu, alubosa da alafiya da wahala da alubarika. Wayar da za a ɗauka tana aljihun yaranmu, labarin yana bakin dattawanmu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Duk wanda aka turo wa irin wannan bidiyon kada ya buɗe, kada ya tura, kada ya shiga yin zagi a ƙasansa. Shugabannin guruf su goge shi idan an saka. Matasanmu masu sha'awar wasan kwaikwayo su zo taron ƙungiya na wata mai zuwa da abin da suka rubuta, 'yan kasuwarmu kuma da suke ba da kuɗin talla a wurin biki da gasar ƙwallo su tuna cewa wannan ma wurin sa kuɗi ne. Wanda aka kira ya fito a mai gadi ya karɓa, amma ya tambaya: mene ne sunana a labarin, kuma yaushe zan rama?

Ga masu shirin kuma, idan wannan rubutu ya kai gare ku, ba mu ɗauke ku maƙiya ba. Kuna da basira, mun gani. Ku hau mota ku sauka a Iddo, ku tambayi wurin masu hatsi. Za mu ba ku kujera da shayi, mu haɗa ku da dattijon nan da ya yi gadi a Ikoyi. Ku zauna da shi awa ɗaya kawai, ku ji abin da idonsa ya gani a bakin ƙofa. Mun tabbata za ku yi dariyar da ba ku taɓa yi ba, kuma ba shi za ku yi wa ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya tsare mana mutuncinmu, Ya ba kowa halaliyarsa. Amin.